Tabawa da Kaskon Bishiyar Sarki

A wani zamani da ya shuɗe an yi wani sarki wanda fatake suka kawo wa tsaraba daga tsibirin Japan, can bayan teku. Tsarabar nan wata 'yar bishiya ce, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, amma an ce ta girmi kakan sarkin. Cikin wani kaskon yumɓu mara zurfi take zaune. Sarki ya ƙaunace ta, har ba ya fita fada sai ya leƙa ta.

Ran nan guguwa ta ture kaskon, ya fashe gida huɗu. Waziri Mamuda ya ce dama yumɓu bai dace da kayan sarki ba, ya sa aka mai da bishiyar cikin tasar tagulla mai ƙyalli. Kafin mako biyu ganye ya soma zuba. Waziri ya tsorata, ya kirawo magina tukwane biyu, suka gina tukwane masu zurfi da sheƙi, bishiya dai sai ƙara yaushi take. Waziri ya ce laifinsu ne, aka jefa su kurkuku. Sarki kuwa ya rantse idan na uku ya kasa, duk ukun za a kashe.

Sai dogarai suka dira gidan wata tsohuwa maginiya mai suna Tabawa. Ta bi su ko mayafi ba ta ɗaura daidai ba. A gaban sarki ta faɗi ta yi gaisuwa, ta roƙi abu ɗaya, a nuna mata gutsattsarin tsohon kaskon. Waziri ya ce an zubar, sai da sarki ya harare shi aka tono su daga juji.

Tabawa ta haɗa gutsattsarin a cinyarta tana shafawa. Ta ga da hannu aka gina shi, ga sawun babban yatsan magininsa a kusurwa. Kaurin bangonsa ɗaya ne ko'ina. Bayansa sumul, cikinsa kuwa an bar shi da kaushi. A gindinsa huda biyu, da 'yan ƙafafu huɗu. Ta daɗe tana kallo, har ta manta inda take.

Kwana tara ta yi tana gini da gashi, ana tsaronta. Kasko uku suka tsage a wuta, kowanne ya tsage sai ta ji kamar takobi ya taɓa wuyanta. Na huɗu ya fito lafiya.

Da aka kai fada, Waziri ya ɗaga shi ya ce wannan raini ne, an kawo wa sarki kasko hudajje, ko kare ba a ba ruwa a cikinsa. Fadawa suka ɗauki surutu. Sarki ya ce, "Tsohuwa, me ya sa kika huda shi?"

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ban san bishiyar nan ba, wanda ya gina na farko ya san ta. Ya huda gindin don ruwa ya wuce, kada saiwa ta ruɓe. Ya ɗaga shi bisa ƙafafu don iska ta ratsa. Ya bar cikin da kaushi don saiwa ta sami abin kamawa. Bai yi masa ado ba don ido ya tsaya a kan bishiyar. Shekara hamsin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Kwaikwayonsa kawai na yi."

Sarki ya ce a dasa bishiyar a ciki, a kuma tsare Tabawa kwana arba'in. A mako na farko sauran ganyen ya zube ƙarƙaf. Tabawa ta daina cin abinci, duk motsin ƙofa sai ta zabura. Ta aika wa 'ya'yanta da wasiyya. Ran kwana na ashirin da shida da hantsi aka buɗe ƙofa, aka ce sarki na kira. Ta tashi ta bi dogarai zuwa fada.

Ta tarar da sarki durƙushe gaban kaskon, yana nuna mata wasu 'yan tofo kore guda uku a kan reshe. Tabawa ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Nan take sarki ya sa aka saki maginan nan biyu, ya ba su haƙuri a gaban jama'a, ya tufatar da su, ya naɗa Tabawa shugabar maginan ƙasarsa. Sa'an nan ya juya ga Waziri ya ce, "Ka raina yumɓu, ka kusa sa ni zubar da jinin mutum uku. Tuɓe rawaninka. Ba za ka sake naɗa shi ba sai ka gina tukunyar da za ta riƙe ruwa."

Damina biyu Mamuda ya yi a gidan Tabawa yana kwaɓa yumɓu kafin ya koma fada.