Rawar 'Yar Akuya a Bikin Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta mu ƙaru.

Akuya ce take da 'ya mai rawa. Tun yarinyar ba ta yi ƙaho ba ta ɗaura mata akayau a ƙafa, biki ko suna sai ta kai ta. In an tafa wa 'yar, uwar ce ke rusunawa tana godiya.

Rannan Kura za ta aurar da ɗanta, ta aiko a kawo mai rawa.

'Yar ta ce, "Inna, gidan Kura fa? Ni tsoro nake ji, ga ƙafata ta kumbura."

Akuya ta ce, "Rufe min baki! Duk manyan dawa za su hallara, so kike a ce ban je ba?"

Suka je. Yarinya ta yi rawa tana ɗingishi, fili ya ɗauki guɗa. Kura ta lashe baki ta ce, "A al'adar gidan nan, gwanar fage ita kaɗai ke shiga ɗaka a yi mata tukwici."

Akuya ta bangaje 'yarta. "Wace gwana? Ni na haife ta, ni na koya mata. Ni zan shiga!"

Kura ta dubi 'yar, ta dubi ƙibar uwar, ta ce, "Gaskiyarki. Bismillah."

Aka ja ƙofa. Yarinya ta jira har rana ta yi sanyi, ba wanda ya fito. Ta kwance akayau ta ajiye a bakin ƙofar, ta tafi gida a hankali, ba mai ce mata ta yi sauri.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙare ta.