Inda 'Yar Tsaga Ba Ta Sheƙa

Ai Tunau ƙin shiga kogon ya yi. Ga hadarin farko ya haɗo, ga mutanensa da suka gudo wa yunwa sun kwashe watanni a daji, ga kogo ƙato a yammacin dutsen nan namu, kowa ya sauke kaya yana hamdala. Shi kuwa yana waje da bakansa, ya ɗaga kai yana kallon sama. Tunau maharbi, kunnen daji, na gaban ayari! Kakata in ta zo nan a labarin sai ta rage murya.

Lokacin babu garinmu fa, daga dutse sai rema sai damisa. Sai kuma wata tsuntsuwa da muke ce wa 'yar tsaga, baƙa mai jan ciki, kukanta da safe kamar ana busa sarewa. Ba ta sheƙa a bishiya. Tsagar dutse take nema, ta shimfiɗa ciyawa da gashin rema, ta yi ƙwai da farkon damina. Tunau ya zagaye dutsen yana farauta, ya ga gabas duk tsaga da sheƙarta. Yamma kuwa, wajen kogon, ko tsinke babu.

Wansa Nomau ya leƙo ya ce, "Kai malam sarkin baka, ruwa kake jira ya wanke ka?"

Ya ce, "Yaya, fito da Iya. Tsuntsuwar nan ta ƙi wajen nan. Ƙwanta ne duk dukiyarta, ba za ta ajiye shi inda dutse ke motsi ba."

Nomau ya yi dariya. "Yanzu abin da bai kai lomar tuwo ba ne zai zaɓa mana ɗaki?"

Tunau ya ajiye bakansa. Shiga ya yi ya goya tsohuwarsu, tana dukan bayansa tana cewa ya sauke ta, ɗan nema. Da mutane suka ga an fita da Iya, sai suka bi, suna gunaguni. Ya kai su gabas ƙarƙashin sheƙunan, inda babu rufi sai ɗan leɓen dutse. Nomau ya ce shi kam ba inda za shi.

Ruwa ya sauko da la'asar. Wai duk tsawar nan tsuntsayen ba su tashi daga kan ƙwansu ba, waƙa ma suke. Can ƙasa ta girgiza. Da aka ɗauke ruwan Tunau ya ruga yamma, ya tarar babu kogo, fuskar dutsen gaba ɗaya ta zauna a kai. Ya kira yayansa har muryarsa ta dushe.

Iya ce ta kafa dokar, tana kuka: ba a gini inda 'yar tsaga ba ta sheƙa, ba a taɓa ƙwanta, ba a turara wa rema hayaƙi a tsaga sai 'ya'yan tsuntsuwar sun tashi. Shi ya sa garinmu, Gabas Tunau, duk ya manne a gefe ɗaya. Yamma kuwa Makwancin Nomau ake ce mata, ko akuya ba a ɗaurewa can.

Bana masu fasa dutse sun kawo injinsu bayan gari. Ni da kaina na hau na duba tsagogin da ke saman gidanmu, yawanci wayam, babu sheƙa. To ku gaya min, in 'yar tsaga ta tashi gaba ɗaya, wa zai faɗa mana gefen da za mu kwana?