Yadda Takardun Raïmatou Suka Dawo Zango

Godiya ta tabbata ga Allah Mai buɗe ƙofofin arziki, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, Shaihinmu na Zangon Kwatano, kogin fiƙihu da tafsiri, mai tsentseni da gudun duniya, wanda harshensa ba ya rabuwa da ambaton Ubangiji, Allah Ya ƙara masa kusanci, yana da karamomi masu yawa, amma wannan da idona na gan ta.

Raïmatou 'yar yayata ce, mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, uwarta kuwa atamfa take sayarwa a kasuwar Misebo. Shekarar da ta ci jarrabawar shiga jami'a ta ƙudurta a ranta sai ta zama likita. Ta nemi burs ɗin gwamnati, wato cikakken tallafin karatu, makinta ya gaza da kaɗan, sai aka ba ta sekur, wato ɗan tallafin da ake ba waɗanda ba su sami burs ba, wanda ko kuɗin mota da na littattafai ba ya riƙewa. Aka ba ta shawarar cin bashin banki, da ta ji da ruwa a ciki ta ce ba za ta ɗora iliminta a kan riba ba.

Ana cikin haka wani mai suna Badarou, mutum mai zaƙin baki, ya shigo unguwa yana cewa shi wakili ne na masu ba da burs na ƙasashen waje. Ya karɓi takardun shaidarta na asali da fasfo, yayata kuma ta karyar da rabin hajarta ta damƙa masa kuɗin. Daga nan wayarsa ta daina shiga, muka tarar da ɗakinsa a kulle, maƙwabta suka ce ya yanki tikitin jirgi, gobe zai bar ƙasar.

Bayan la'asar muka durƙusa gaban Shaihi. Uwar tana kuka, yarinyar kuwa idonta a bushe, ta ce ko da za ta sake rubuta jarrabawar daga farko, ba za ta bar karatu ba. Shaihi, Allah Ya yarda da shi, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce: "'Yata, gobe ki tafi makaranta, kada ki fasa. Hanyar da zai bi tana da Mai ita." Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa.

Washegari da azahar muna zaure muna ɗaukar karatu, sai ga zem, wato babur ɗin haya, ya tsaya a ƙofa, Badarou ya sauko da akwati, gumi ya jiƙa masa riga. Da bakinsa ya ba da labari: tun safe yake neman filin jirgi na Kajehun, amma duk ɗan zem ko mai taksin da ya ɗauke shi sai ya sauke shi a bakin wannan zaure, kowannensu yana rantsuwa Zango ya ji ya ce, har jirgin ya tashi ya bar shi.

Shaihi bai tsawata masa ba. Ya ce: "Ajiye amanar mutane, ka zauna ka sha ruwa."

Da aka buɗe akwatin aka sami takardun Raïmatou da kuɗin uwarta, har da na wasu ɗalibai na unguwa da kunya ta hana iyayensu magana. Labari ya kai Misebo, Alhaji Kamarou shugaban masu atamfa ya tara 'yan kasuwa, suka kafa asusun tallafa wa ɗaliban Zango ba tare da ruwa ba, aka fara da Raïmatou. Yau tana asibiti tana koyon duba marasa lafiya.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake karrama bayinSa salihai da abin da Ya so. Ya Allah, Ka tsawaita kwanan Shaihinmu cikin lafiya, Ka lulluɓe mu da 'ya'yanmu masu neman ilimi da albarkarsa, amin.