Malmalar Tuwon Juma'a

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun da daɗewa. Ku gyara zama, ku saurara. Sunansa Jatau. Bai yi boko ba, karatun allo ma iyakarsa ƙananan surori. Aikinsa kuwa ciyar da karnuka.

Na ga wasunku sun yamutsa fuska. Haka mutanen unguwarsu ma suka yi.

A bayan garin akwai makarantar likitocin dabbobi. A can wata likita mai suna Dakta Zulai take bincike a kan ciwon suga. Kare ma yana kamuwa da shi kamar yadda mutum yake kamuwa: ƙishirwa, yawan fitsari, rama. Sai ta tara karnuka goma sha biyu masu ciwon, ta haɗa musu wani abinci na musamman, don ta ga ko zai sauko da sugan da ke jininsu. In an fahimci abin a jikin dabba, wataƙila wata rana ilimin ya amfani mutane.

Da aka nemi mai ciyarwa, kowa ya ƙi, sai Jatau. Dalilinsa ɗaya ne. Matarsa Azumi, wadda suka yi shekara ashirin da shida tare, wannan ciwon ne ya ɗauke ta. Ta rame yana kallo. Ta shanye kwanon ruwa, kafin ya ajiye ta ce, "Malam, ƙara min." Bayan rasuwarta, duk sa'ad da ya buɗe randa sai ya ji kamar za ta kira shi. Da ya ji an ce ana neman maganin ciwon, bai tambayi komai ba, ya ce yana so.

Ranar farko Dakta Zulai ta nuna masa sikeli ta ce, "Baba Jatau, aikin nan duka a kan wannan yake. Ka auna, ka ba su. Kada ka ƙara, kada ka rage. Ban da wannan abincin da ruwa, kada komai ya shiga bakinsu."

Ya ce, "Na ji, Likita."

Haka ya yi ta yi. Ya auna, ya zuba, ya wanke keji. In ya tashi ya wanke hannu da ƙasa da ruwa, ya sauya riga kafin ya shiga masallaci. Duk da haka in ya shiga sahu, wani ya ɗan janye kafaɗa. Maƙwabcinsa Nomau mahauci yakan tsokane shi, "Sarkin karnuka, yaya talakawanka?" Jatau ya yi murmushi ya ce, "Suna gaishe ka, sun ce ƙashin da ka yi musu alkawari shiru."

A cikin karnukan akwai wata tsohuwar karya. A takarda lamba tara ce, amma shi Ɗorawa yake ce mata, saboda launin gashinta. Ta fi duka rama, ta fi duka ƙishirwa. Ba ta haushi. In ta shanye ruwanta sai ta ɗago kai ta dube shi, ta jira. Kada wani ya ce ya kwatanta matarsa da dabba, a'a, subhanallahi. Ciwon ne ɗaya, kuma shi ya san wannan jiran. In ya cika mata kwano yakan tsaya har ta gama, zuciyarsa tana can wani ɗaki da yanzu babu kowa a cikinsa.

To, ku lura da nan. Azumi tana da wata al'ada: kowace Juma'a takan ware malmalar tuwo ɗaya ta ce ta sadaka ce, duk mai ran da Allah ya kawo. Bayan ta rasu Jatau ya ci gaba da yi, ladan ya kai gare ta. Wata Juma'a ya ɗauko malmalar a ganye bai haɗu da kowa a hanya ba, har ya isa wurin aiki. Ɗorawa ta shinshina aljihunsa ta dube shi. Ya ce a ransa, "Ai ita ma mai rai ce. Malmala ɗaya me za ta yi?" Ya ba ta. Juma'a ta zagayo, ya sake. Har wata huɗu.

Abin da bai lura da shi ba, ranar Asabar da safe ake ɗibar jinin karnukan.

Wata rana ya tarar da Dakta Zulai zaune a kan benci ta zuba wa takardunta ido. Ya ce, "Likita, lafiya?"

Ta ce, "Baba, lamba tara ta rikita ni. Ita ce ciwonta ya fi tsanani, ita na fi sa wa rai. Kowace Asabar suganta a sama. Zan rubuta cewa abincin ba ya amfanar masu ciwo mai tsanani, mu haƙura da shi."

A hankali ya ce, "Likita, tuwo yana tayar da suga?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa, in an ci da yawa. Me ya sa?"

Ku saurara, 'yan'uwa. Babu wanda ya gan shi. Ɗorawa ba za ta yi magana ba. In ya ce, "Ba komai," ya daina kawai, zance ya ƙare, gobe ya dawo wurin Ɗorawa kamar kullum. In ya faɗa, ya san za a raba shi da wurin, a raba shi da ita. Amma in ya yi shiru, za a rubuta abin da ba gaskiya ba, a jefar da abin da wataƙila zai taimaki wata Azumi a wani gida.

Ya cire hularsa ya durƙusa. Ya ce, "Likita, laifin ba na abincinki ba ne. Nawa ne. Kowace Juma'a ina ba ta malmalar tuwo, sadakar matata."

Ta ajiye takardun. Sannan ta ce, "Wata huɗu, Baba? Ban faɗa maka ba tun ranar farko?"

"Kin faɗa."

"Ka san duk abin da na rubuta a kanta ya tashi a banza?"

"Yanzu na sani." Ya sunkuyar da kai. "Likita, ita ma marigayiyar, da ta rame, tuwo nake tura mata da fura, ina cewa ta daure ta ci. Ashe…"

Duk da ɓacin ranta, Dakta Zulai ta ce, "Wannan kada ka ɗora wa kanka. Ba wanda ya sanar da kai, kuma kwananta ne ya ƙare. Amma a nan an sanar da kai."

Shugabannin makarantar suka sallame shi. Bai yi musu ba. Ya koma noman 'yar gonarsa.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ƙafarsa ta kai shi bakin wayar da ta kewaye wurin karnukan. Yakan tsaya nesa, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, yana hango Ɗorawa kwance a inuwa. Bai taɓa kiran ta ba. Ya san in ta ji muryarsa za ta ƙi cin abincin sabon mai ciyarwa, ya sake ɓata aikin. Sai ya tsaya, ya duba, ya juya. Damina ta zo ta wuce yana haka. Nomau da ya gan shi wata rana bai tsokane shi ba, ya dai ce, "Jatau, zo mu tafi gida."

Sadakar Azumi kuwa, ya sauya ta. Ya kafa randa a ƙofar gidansa da moɗa a kai, kullum cike da ruwan sanyi, duk mai ƙishirwa ya sha.

Bayan shekara guda, sai ga Dakta Zulai ta yi sallama a ƙofarsa. Ta sha ruwan randar, ta ce, "Baba, na sake aikin daga farko. Masu ciyarwa uku na gwada. Kowannensu kullum sai ya ce min komai daidai, ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa kuskure. Ni kuwa na san mutum yana kuskure. Ina neman wanda zai faɗa min in ya yi. Na roƙi shugabanni, sun yarda ka dawo."

Ya ce, "Tana nan?"

"Tana nan. Amma ciwon ya taɓa idanunta, ba ta gani."

Da ya shiga, Ɗorawa ta ɗago kai tun kafin ya yi magana. Ta taso tana lalube, ta kai hancinta aljihunsa. Ya ce, "Babu, Ɗorawa. Sai abin da sikeli ya ce." Ya auna, ya zuba, ya cika mata kwanon ruwa, ya tsaya har ta gama.

'Yan'uwa, ga darasin. Tausayi abu ne mai kyau, amma ba ya halatta taɓa amana. Wanda kuwa ya yi kuskure ya faɗa da bakinsa, alhali faɗar za ta raba shi da abin da yake ƙauna, darajarsa ta fi ta wanda ya ɓoye, a wurin Allah da wurin mutane. Cikinmu akwai mai jinyar uwa ko miji, likita ya hana wani abinci, mu miƙa a ɓoye don tausayi, ranar asibiti mu ce ba a ci komai ba. Akwai wanda aka damƙa wa aiki inda ba mai ganin sa. Kowa ya san malmalar da ke aljihunsa. In ka riga ka bayar, je ka faɗa tun kafin a rubuta abin da ba shi ne ba.

Allah ya jiƙan waɗanda muke kewa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya.