Namadi da Ƙarcen da Ido Ba Ya Gani

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah ana ce masa Namadi. A masana'antar roba yake aiki, inda ake narka roba a dura ta cikin ɗan ƙarfen zubi, ta fito da siffar abin da ake so. Su abin da suke yi ƙanƙane ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba: bakin siririn bututun da ake ba jariri bakwaini madara da shi a asibiti. Aikin Namadi shi ne goge cikin ƙarfen nan har ya yi sumul, domin duk abin da ke jikin ƙarfe, shi zai fito a jikin roba.

To, ku saurara. Wata rana da hantsi yana guga, hannunsa ya goce, ya yi wa ƙarfen ƙarce. Ƙarcen bai kai silin gashi ba. Bai lura ba sai da aka zuba dubban bakin bututun, ya ɗauki guda ya duba da gilashin ƙara girman abu, ya ga ɗan kaushi a gefe. Ba wanda ya gani. Ba wanda zai gani.

Ya je ya sami manaja, Hajiya Turai, ya ce, "Hajiya, a tsayar da inji. Na yi ɓarna."

Ta duba, ta ce, "Baba Namadi, ni ban ga komai ba."

Ya ce, "Ke ba ki gani ba, amma maƙogwaron jariri zai ji."

Aka tsayar da aiki kwana huɗu. Mai masana'antar ya fusata, ya mayar da dattijon nan shara. Namadi ya karɓi tsintsiya ya kama shara.

Bayan mako biyu sakamakon gwajin da aka yi wa kayan ya fito: da kayan sun isa asibiti, da sun kurje wa jarirai maƙogwaro. Mai masana'antar ya tako da kansa har inda Namadi yake shara, ya ce, "Baba, ka yafe mini. Mun gode."

Namadi ya ce, "Alhaji, Allah za mu gode wa, da Ya nuna mini tun kayan suna hannunmu."

Jama'a, wannan ita ce amana: ka gyara inda ba mai dubawa, ka faɗi laifinka kafin a tambaye ka. Kai tela, ke mai abinci, kai mai gyaran birki, akwai ran wani a cikin aikinku. In Allah Ya nuna maka kuskurenka da wuri, rahama Ya yi maka. Ka gode Masa, ka tashi ka gyara.