Ranar da Mai Sharhi Ya Haska wa Ƙaninsa Fim

Akwai wani ma'aikacin ɗakin karatu da mutanen unguwa suka laƙaba wa suna Mai Sharhi. Mutum ne mai ilimi da tsafta, bai taɓa dukan kowa ba. Aibinsa guda ne: gani yake ya fi kowa sanin duniya, kuma in ya buɗe baki ba ya duba a kan wa maganar za ta faɗa. Kowace Asabar da ƙarfe uku na rana yakan ja labulen babban zauren ɗakin karatun, ya jera kujerun roba, ya haska tsohon fim a farin bango. In fim ya ƙare sai ya riƙe makirufo ya yi ta bayani har mutane su fara duba agogo. Daga nan sunan ya samo asali.

Yana da ƙane, Auta, wanda ya yi shekara huɗu a gidan yari saboda ya tuƙa motar da abokansa suka loda wa kayan sata. A wani gari abin ya faru, don haka mutanen unguwa suka ɗauka aiki ne ya kai shi nesa, mahaifiyarsu kuwa ta bar su a haka. Watansa biyar da dawowa. Wani mai gareji ya ɗauke shi aiki, kullum ya fita da sassafe ya dawo da baƙin mai a farce, ya ci abinci ya shige ɗaki. Bai cika magana ba, amma ya fara dariya jefi-jefi.

Wata rana Mai Sharhi ya samo wani tsohon fim baƙi-da-fari, irin na masu laifi, wanda rabin fuskar kowa ke cikin inuwa kuma ba mai murmushi daga farko har ƙarshe. Labarin wani direba ne da ya fito daga kurkuku da niyyar shiryuwa, amma duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa sai a rufe. Mai Sharhi ya kalla sau biyu, ya yanke shawarar lallai Auta ya gani.

Mahaifiyarsu tana gugar kaya a falo lokacin da ya faɗa mata. Ta ajiye dutsen guga ta dube shi.

"Ƙarshensa da daɗi?"

"Mama, fim mai kyau ba ya ƙarewa da daɗi."

"To kada ka kai mini shi. Ciwon nan bai gama warkewa ba."

"Gara ya gani a bango da ya sake gani a jikinsa," in ji Mai Sharhi. "Ku bar mini wannan, fannina ne."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, amma tuni ya ɗauki jakarsa ya fice.

Auta ya yi murna da gayyatar, domin tun dawowarsa yayansa bai taɓa neman su fita tare ba. Saboda alfahari da ɗan'uwansa har ubangidansa mai gareji ya gayyato. Suka zauna gefe da gefe a layi na huɗu. Zaure ya cika. A layin gaba akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda ba ta fashin zuwa, a bayanta kuma wani tela mai barkwanci.

Aka kashe fitila. Minti goma da farawa telan ya ce da ƙarfi, "Wai mutanen garin nan ba su biya kuɗin wuta ba ne?" Aka kwashe da dariya. Daga wannan ba a sake dariya ba. Direban ya nemi aiki an kore shi. Ya je gidan ƙanwarsa ta leƙo ta taga ta ƙi buɗewa. Tsofaffin abokansa suka zo da tayin wani sabon aiki, ya ƙi, suka sake zuwa, ya sake ƙi. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Mai Sharhi na tsaye kusa da majigi yana satar kallon ƙaninsa. Ya ga Auta ya damƙe gwiwoyinsa da hannu biyu, gumi na bin wuyansa. Maimakon gaban Mai Sharhi ya faɗi, sai ya ji daɗi, ya ce a ransa saƙo ya isa.

A ƙarshe wata mata da direban ya amince da ita ce ta sayar da shi. Aka harbe shi a kan titi cikin ruwan sama, a kan laifin da bai aikata ba, motoci na wucewa ba wadda ta tsaya. Tsohuwar nas ta ce, "A'a! A'a!" kamar za su ji ta. Hoton ya ɗauke.

Da aka kunna fitila ba wanda ya tafa. Wata mata tana share ido da gefen mayafi. Wasu maza biyu suka miƙe suka fita ba sallama.

"Malam, me muka yi maka?" in ji telan. "Na bar ɗinkin mutane na zo in huta, za ka mayar da ni gida da ciwon kai."

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce ita fim ɗin ya burge ta, don bai yi musu ƙarya ba. Wani dattijo ya ce ƙarya ma ta fi wannan, aƙalla ana iya barci bayanta. Hayaniya ta kaure. Mai Sharhi ya buga makirufo da yatsa.

"Ku saurara. Matsalarku kun saba da fina-finan da ake lallashinku. Wannan ita ce rayuwa tsirararta. Wanda ya taɓa faɗawa wannan rami ba ya fita. Ko ya so, ko bai so ba, can zai koma."

Tsohuwar nas ta miƙe a hankali tana dafa sandarta.

"Ɗana, shekara talatin na yi a asibiti. Na ga waɗanda aka cire rai da su sun tashi sun tafi gida da ƙafafunsu. Wanda ya shirya fim ɗin nan ya iya hoto, ban musa ba, kuma ya faɗi abin da ya gani. Amma shi labarin mutum ɗaya ya ba mu. Kai ne ka mayar da shi hukuncin kowa. Littafi ka sani, ba ka san mutane ba."

Sai ga tafi, tafin da fim ɗin bai samu ba. Mai Sharhi ya kai makirufo bakinsa. A zaurensa, a gaban masu sauraronsa, wata tsohuwa ta ce bai san mutane ba. Bai tsaya ya haɗiye maganar ba.

"Ni ne ban san mutane ba? Iya, a ɗaki ɗaya nake kwana da wanda ya yi shekara huɗu a gidan yari! Ina kallonsa safe da yamma. Na san abin da nake faɗa!"

Kafin ya rufe baki ya gane abin da ya yi. Kowa a unguwar ya san su biyu ne kawai maza a gidan. Kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa layi na huɗu. Mai gareji ya dubi Auta, ya dubi ƙasa. Matar da ke zaune a ɗaya gefen ta janyo jakarta ta ɗora a cinya.

Auta ya miƙe. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullan garejin, ya ajiye a kan kujerarsa. Bai dubi yayansa ba. Ya ratsa tsakanin kujeru, mutane na janye ƙafafu, ya tura ƙofa ya fita.

"Auta! Tsaya!" Muryar Mai Sharhi ta fito ta lasifika, ta cika zauren. Ya yar da makirufon ya bi shi a guje, amma titi cike yake da masu komawa gida, bai ga ko ƙeyarsa ba. Da ya isa gida ya tarar da mahaifiyarsu zaune a bakin gadon Auta, ƙofar kabad a buɗe, babu jaka babu takalma.

"Ya durƙusa ya ce in yafe masa," ta ce. "Me ka yi?"

Ya faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Na roƙe ka."

Washegari ya je gareji. Mai garejin ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu.

"Ni ban kore shi ba," ya ce. "Hannunsa na da kyau, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata ba. Da ya tsaya da na riƙe shi. Amma tun jiya masu motoci ke kirana. In na ce musu yaron ya shiryu, sai su ce yayansa ma da suke ciki ɗaya ya ce ba ya shiryuwa. Kai ka faɗa mini, me zan ce musu?"

Mai Sharhi ya juya ya kama hanyar tasha neman ƙaninsa.

Kwana tara suna nema, tasha-tasha, asibiti-asibiti. Mahaifiyarsu ta daina cin abincin kirki. A rana ta goma wayarta ta yi ƙara. Auta ne, daga wani gari mai nisa, ya samu wurin wankin mota. Mai Sharhi ya miƙa hannu a ba shi wayar, sai ya jiyo muryar ƙaninsa ƙasa-ƙasa.

"Mama, ki ce wa Yaya ba na fushi. Amma ba zan iya zama a garin da aka riga aka kalli ƙarshena ba."

Shekara uku ke nan. Auta bai koma gidan yari ba, bai kuma dawo gida ba. Yanzu shi ne babban makanike a inda yake, har ya yi aure. Duk wannan a bakin mahaifiyarsu Mai Sharhi ke ji, in ta ga dama ta faɗa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimin da ba ya tare da tausayi cutarwa yake yi, kuma girman kai kan sa mutum ya sayar da sirrin ɗan'uwansa don kawai ya ci gardama. Fim ko littafi na iya nuna mana ɗacin rayuwa, mu kalla mu ƙaru, amma ba shi da ikon yanke wa wani mai rai hukunci. Kafin ka faɗi abin da kake ganin gaskiya ne, dubi wanda ke zaune a gabanka da raunin da yake ɗauke da shi. Wanda ke ƙoƙarin tashi hannu yake bukata, kuma in na gida ya ce ba zai tashi ba, da wuya na waje ya yarda da shi.