Kujera Ɗaya a Jirgi

An yi wani bawan Allah a wata jami'a, ba sai na faɗi garin ba, ana ce masa Malam Isiyaku. Haɗa manhajar kwamfuta yake koyarwa. Ya tsufa a kan matsayi ɗaya, har waɗanda ya koyar sun zo sun wuce shi. Abu ɗaya ya rage a yi masa ƙarin girma kafin ritaya: ya gabatar da bincike a babban taro a ƙasar waje. Ku riƙe wannan.

Yana da wani ɗalibi, Nafi'u, ɗan manoman rani. Nafi'u ya haɗa manhajar waya wadda in ka ɗauki hoton ganyen tumatir za ta gaya maka cutar da ta kama shi, ko babu intanet. Masu taro suka karɓi aikin. Wata gidauniya ta ɗauki nauyin jirgi da masauki, amma na mutum ɗaya, wanda sunansa ke gaba a takardar binciken.

To ku saurara. A wannan sashe akwai al'ada: ɗalibi ya yi aiki, a sa sunan malami a gaba, malami ya hau jirgi. Wai ladabi ke nan. Ladabi!

Shugaban sashe ya kira shi. "Isiyaku, Allah ya kawo maka har gida. Juya sunayen kawai. Yaro ne, zai samu wata."

"Ranka ya daɗe, ko layi ɗaya ban rubuta ba."

Shugaba ya yi dariya. "Mu da muke zuwa, mu muke rubutawa? Ko so kake ka mutu a kan babur ɗin nan naka?"

Wannan jarrabawar mai sauƙi ce. Mai wuyar ita ce ranar da Nafi'u da kansa ya zo ya durƙusa a ofis.

"Malam, don Allah ka je. Wallahi na yafe. In na tafi na bar ka, da wane ido zan kalli mutane?"

Jama'a, mai haƙƙi ya ce ya yafe! Kada ku zaci Malam ba ya so. Yana so. Fasfonsa ya taɓa ƙarewa a cikin durowa ba a buga masa hatimi ko sau ɗaya ba. Amma Malam ya ce, "Nafi'u, da ba ni ne zan sa hannu a sakamakonka ba, za ka yafe?"

Nafi'u ya sunkuyar da kai.

"To ka ji. Wannan ba kyauta ba ce, tsoro ne. Tashi ka je ka yi fasfo."

Nafi'u ya tafi, aka riƙe shi can ya ci gaba da bincike. Kuna jira in ce an ƙara wa Malam girma? Ba a ƙara ba. A matsayin nan ya yi ritaya, a kansa ya rasu, Nafi'u ma bai samu jana'iza ba. Waɗanda suka fi yabonsa a wajen gaisuwa, cikinsu har da wanda bai daɗe da sauka daga jirgi da aikin ɗalibinsa ba. Suka ce Allah ya jiƙan mutumin kirki, suka koma suka ci gaba.

Darasin a fili yake: abin da na ƙasa da kai ya bar maka don tsoro ko kunya, ba halak ɗinka ba ne, ko ya rantse. Ku malamai, ku masu gida, ku da ake durƙusa muku, na gaji da jin kuna yabon irin su Malam Isiyaku a maƙabarta. In gobe wani ya ce muku "na yafe", ku dubi wanda ke riƙe da makomarsa. In ku ne, ku mayar masa da kujerarsa.